Lambun 'Ya'yan Itatuwa A Nguru Da Gashuwa: Yadda Ruwa Ke Zaɓa Wa Manomi Abin Da Zai Dasa

Akasarin lemon zaƙin da ake sayarwa a kasuwannin Arewacin Najeriya daga Jihar Binuwai yake fitowa. Motoci kan sauke shi a kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano, daga nan kuma 'yan sari su rarraba shi zuwa garuruwa masu nisa irin su Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe. Kafin ya isa hannun mai sha, kuɗin mota da asarar wanda ya ruɓe a hanya duk sun hau kansa. Wannan ne ke sa manoman yankin da dama tambayar ko za su iya kafa lambunan kansu na lemo, mangwaro, gwaiba da dabino, tun da Allah ya hore musu fadama da rana.

Amsar ita ce ana iya yi, kuma akwai masu yi a gefen kogi da cikin gidaje. Sai dai itacen lambu ya bambanta da gero ko wake, waɗanda idan damina ta ɓaci sai a jira ta baɗi. Wanda ya yi kuskure wajen dasa itace yakan share shekara uku ko huɗu yana ban ruwa kafin ya gane kuskurensa. A wannan yanki kuwa, yawancin kuskuren a kan ruwa yake: yawansa, zurfinsa, ɗanɗanonsa da lokacin zuwansa.

Ƙasa mai ƙarancin ruwan sama da yawan ruwan kogi

Nguru da Gashuwa suna bakin yankin Sahel. Damina takan kankama ne a watan Yuni ko Yuli, ta ɗauke a Satumba, kuma a mafi yawan shekaru ruwan da ke sauka yana tsakanin milimita 400 zuwa 600. Sauran watanni takwas ko fiye da haka rani ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwan da rana da iska ke iya tsotsewa daga ƙasa a shekara ya ninka wanda sama ke zubowa sau da yawa.

Abin da ya raya yankin shi ne koguna biyu da ke tasowa daga nesa. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga ƙasar Kano, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Filato ta ƙasar Bauchi. Su biyun suna bazuwa cikin dausayin Haɗeja da Nguru, sannan su haɗu a kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke nufar Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Halin kogunan biyu ya sha bamban, kuma mai son kafa lambu yana bukatar sanin haka. An datse ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja da madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Tun daga nan ruwan ya daina zuwa da ƙarfi a damina ya janye da rani kamar yadda aka saba, ya koma kwarara kaɗan-kaɗan kusan duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwa mai yawa zuwa Marma da Tafkin Nguru. Sakamakon haka akwai gonaki a ɓangaren Nguru da ruwa ke kwanciya a kansu wata da watanni. Kogin Jama'are kuwa ba shi da babbar madatsa a kansa, shi ya sa ruwan da ke isa Gashuwa yake zuwa da ƙarfinsa a ƙarshen damina. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a ƙasar Bade da maƙwabtanta, ta nuna iyakar inda ruwa ke iya kaiwa a shekarar da ya yi yawa.

Saboda haka manomin wannan yanki yana tsakanin haɗari biyu. A kan tudu itace na iya mutuwa da ƙishirwa, a cikin kwari kuma ruwa na iya shaƙe saiwarsa. Wurin da ya fi dacewa da lambu shi ne tsakanin biyun: gefen fadama mai ɗan tudu, inda ambaliya ba ta kwana, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisan da 'yar rijiyar bututu za ta kasa kai wa gare shi ba. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ya kamata a tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya mafi girma, a kuma duba tabon da ya bari a jikin manyan itatuwa.

Kowane itace da irin ruwan da yake so

Lemon zaƙi ya fi sauran wuyar sha'ani. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa dangin lemo na bukatar ruwa milimita 900 zuwa 1,200 a shekara. Idan sama ta ba da 500, to aƙalla akwai giɓin wasu 400 da manomi zai cike. Milimita ɗaya a kan hekta guda daidai yake da lita 10,000, ke nan giɓin ya kai lita miliyan 4 a kowace hekta ta manyan itatuwa, kuma a wuri mai zafin Nguru bukatar takan fi haka. Duk da wannan ƙishirwa tasa, lemo ba ya jure ruwa ya kwanta a gindinsa. 'Yan kwanaki kaɗan cikin ruwa sun isa su ruɓar da ƙananan saiwoyinsa, su buɗe ƙofa ga cutar da ke sa gindi ya riƙa tsatsafar da ƙaro har ɓawon ya mutu. Haka nan ba ya shiri da gishiri.

Maganar gishiri tana da muhimmanci a arewacin Yobe, domin ƙasa ce da aka sani da kanwa. Inda aka ga farin ɓawo a kan ƙasa bayan ruwa ya bushe, ko ruwan rijiya yana da ɗanɗanon kanwa, bai kamata a dasa lemo ba. Alamar farko ita ce bakin ganye ya ƙone, daga nan ganyen ya kaɗe, itacen ya tsumbure. Lemon tsami ya fi na zaƙi jure zafi, yana saurin fara haihuwa, kuma yana da kasuwa duk shekara, shi ya sa ya fi sauƙi ga mai farawa.

Mangwaro ya fi dacewa da yanayin yankin. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai, ta yadda idan ya girma a gefen fadama yakan kai ga danshin ƙarƙashin ƙasa da kansa. Rani ma yana yi masa amfani, domin bushewar ƙasa da sanyin hunturu su ne ke tunzura shi ya yi fure tsakanin Disamba da Fabrairu, 'ya'yan kuma su nuna da bazara. Rashin ruwan sama a lokacin fure yana rage cututtukan da ke baƙanta fure da 'ya'ya a yankunan kudu masu laima.

Gwaiba ta fi lemo da mangwaro haƙuri da ƙasa mai laka da ɗan kwanciyar ruwa, don haka ita ce ta cancanci layin da ya fi kusa da kwari. Dabino kuwa shi ne gwanin jure gishiri da zafi, muddin saiwarsa na samun ruwa. Ana ganin shaidar haka a kwarurrukan da ke tsakanin tuddan yashi a ƙasar Yusufari, da takwarorinsu na Gudumariya da Maine-Sorowa a Jamhuriyar Nijar, inda dabino ya daɗe yana tsiro a kan ruwan da ke kusa da doron ƙasa. Abin da ke ɓata shi shi ne ruwan sama ya same shi yana nuna, domin 'ya'yan kan tsage su ruɓe.

Akwai kuma itatuwan da ba su da rabo a wannan ƙasa komai yawan ban ruwa. Mishmish, wanda ake nomawa a Turkiyya da Iran da Uzbekistan, da yawancin nau'o'in tuffa, suna bukatar sanyi mai tsanani na ɗaruruwan sa'o'i ƙasa da digiri 7 kafin idanunsu su farka su yi fure. Hunturun Nguru, duk da kaifinsa da asuba, ba ya kai wannan adadi. Mai sayen irin waɗannan dashe zai iya samun ganye, amma da wuya ya ga 'ya'yan da za su biya wahalarsa. Wanda ke son sabon abu ya fi masa ya duba magarya mai aure. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta yaɗa dabarar ɗaura reshen magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya a kan gindin magaryar gida, wadda ta riga ta saba da fari.

Dashe mai aure da dashen ƙwallo

Bayan zaɓen wuri, sai zaɓen dashe. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya haihu, kuma a nau'o'i da yawa 'ya'yansa ba sa kama da na uwar. Mai aure kuwa, wato wanda aka ɗaura reshen itace nagari a kan gindin mangwaron gida, yakan fara haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, ya kuma ba da ainihin irin da aka ɗauro. Haka abin yake ga lemo, inda ake ɗaura ido guda na lemon zaƙi a kan gindin wani lemo mai ƙarfin saiwa. Gindin da aka zaɓa shi ne ke yanke yadda itacen zai jure gishiri, fari da cuta, don haka mai saye yana da haƙƙin ya tambayi mai reno a kan wane gindi aka yi auren.

Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano da kuma Dadin Kowa ta Jihar Gombe, kuma aikinta ya haɗa da samar da ingantattun dashen lemo da mangwaro. Binciken dabino kuwa yana hannun reshen cibiyar NIFOR da ke Dutse a Jihar Jigawa. Daga ko'ina aka sayo dashe, a duba mahaɗar auren ta warke sarai, ganyen ba shi da tabo ko nannaɗewa, saiwar kuma ba ta murɗe a cikin leda ba.

Dabino yana da nasa sirri. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Wanda ya shuka ƙwallo ɗari zai iya tarar da kusan rabinsu maza ne, ba zai kuma gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ciro 'ya'yan da ke tohowa daga gindin macen da aka san daɗin dabinonta, a dasa su. Namiji ɗaya ya isa mata da yawa idan manomi na yin barbara da hannu, wato ya yanko zangarniyar furen namiji ya sa a cikin na mace da zarar kwanson ya buɗe.

Shekaru ukun farko

Galibin itatuwan da ke mutuwa a yankin suna mutuwa ne kafin su cika shekara uku. Lokacin da ya fi kyau a dasa shi ne bayan damina ta zauna, domin dashen ya samu watanni biyu ko uku na ruwan sama da sanyin ƙasa. A filin da ambaliya ke taɓawa, gara a jira ruwa ya janye a dasa da kaka. Dasawa tsakanin Maris da Mayu asarar kuɗi ce.

Ramin ya kai kamar santimita 60 a faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Mahaɗar auren ta kasance a sama da ƙasa da aƙalla taƙi guda, domin idan aka binne ta cuta kan shiga ta nan. Tazarar da aka saba bayarwa ita ce mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro, wato itace 100 a hekta. Mita 7 ga lemo, kimanin itace 200. Mita 6 ga gwaiba. Mita 8 ga dabino. Filin kan zama kamar an yi ɓarnarsa a farko, amma cikin shekara goma rassa za su haɗu.

Ban ruwa shi ne babban nauyi. Ƙaramin dashe a ƙasa mai yashi yana bukatar kamar jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu ko uku a mako da rani, fiye da haka da bazara. Ga mai itace 100, wannan ya kai jarka 300 a mako. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya zama abin da ake lissafawa kafin komai, kuma shi ya sa famfo mai aiki da hasken rana ke samun karɓuwa a fadamu. Ƙa'idar da ta fi tsare manomi ita ce ya dasa adadin da zai iya shayarwa a watan Afrilu, lokacin da rijiya ta fi ja da baya. Itace 30 da suka rayu sun fi 200 da suka bushe.

Akwai dabarun rage asarar ruwa da ba sa cin kuɗi. A yi wa kowane itace kwari a kewaye, amma a tara ƙasa a jikin gindin don kada ruwa ya taɓa ɓawonsa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan kwarin, a bar tazara kaɗan daga gindi saboda gara. Kacalar da aka yanke aka busar kafin ta yi iri tana iya yin wannan aiki. Wasu kan binne tulun ƙasa a gefen dashe su riƙa cika shi, ruwan na tsatsafowa a hankali zuwa saiwa. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yana jan saiwa zuwa ƙasa, yana kuma wanke gishiri daga inda take.

Shinge wajibi ne. Akuya ɗaya na iya cinye wahalar shekara biyu cikin yini guda, kuma dausayin wurin kiwo ne da makiyaya ke sauka da rani. Lambun da aka kafa a kan burtali ko mashaya rigima ce aka dasa. Daga gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa, ana bukatar layin itatuwan kariya irin su darbejiya, a ɗan nesa da 'ya'yan itatuwan don kada su yi takarar ruwa. Iskar nan mai ƙura tana kaɗe furen mangwaro, tana kuma ƙona sabon tohon lemo.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk tohon da ya fito a ƙasa da mahaɗar aure a cire shi nan take, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen da aka ɗaura, itacen ya koma na gida. Furen da dashe ya yi a shekara ta farko da ta biyu ma a tsinke shi, don ƙarfin ya tafi ga gina jiki. A waɗannan shekaru manomi na iya shuka wake, gyaɗa, albasa, tattasai ko kankana a tsakanin layuka, su biya kuɗin ban ruwa kafin itatuwa su fara bayarwa.

Idan itace ya fara haihuwa

Babban mangwaro yana son a janye masa ruwa na kimanin wata biyu kafin lokacin fure, a dawo da shi bayan 'ya'ya sun ƙullu. Wanda ya ci gaba da shayar da shi ba ƙaƙƙautawa zai sami ganye mai yawa da fure kaɗan. Lemo kuwa daga fure har 'ya'ya su cika yana son ruwa daidai wa daida. Idan aka bar shi ya bushe sannan aka malala masa ruwa, 'ya'yan kan fashe ko su zube.

Babban abokin gabar mangwaro da gwaiba a yau shi ne wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, ya kuma bazu zuwa Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Macen tana huda ɓawo ta saka ƙwai, tsutsa ta cinye cikin, sannan ta faɗa ƙasa ta rikiɗa. Maganin farko shi ne tsabta: a riƙa tsince duk abin da ya faɗo, a binne shi a rami mai zurfin rabin mita, ko a ɗaure shi a baƙar leda a bar shi a rana. Akwai kuma tarko mai sinadarin da ke jawo mazan ƙudajen. Yawansu yana ƙaruwa da saukar ruwan farko, don haka nau'in da ke nuna a makare ya fi fuskantar ɓarna. Kauci, wanda tsuntsaye ke ɗora wa rassan lemo da gwaiba, a sare shi tare da reshen da ya kama tun bai yaɗu ba.

Kasuwa da mallakar ƙasa

Mangwaron yankin kan nuna kusan lokaci guda, farashi ya faɗi, ragowar ta ruɓe a gindin itace. Haɗa nau'i mai saurin nuna da mai jinkiri yana tsawaita lokacin sayarwa. Busarwa ma hanya ce. A Burkina Faso, musamman yankin Bobo-Dioulasso, busasshen mangwaro ya zama hajar da ake fitarwa zuwa Turai, kuma busasshiyar iskar arewacin Yobe ta dace da wannan sana'a. Dabino yana ajiyuwa, yana da kasuwa mai ƙarfi da azumi, kuma har yau Najeriya na shigo da shi da yawa ta iyakar Nijar.

Kafin duk wannan akwai batun wanda ya mallaki filin. A al'adar ƙasar Hausa da ta Bade da Manga, dasa itace alama ce ta mallaka, shi ya sa mai ba da aron gona ko haya ba kasafai yake yarda a dasa masa mangwaro ba. Itacen da zai rayu shekara hamsin ko fiye yana bukatar a daddale magana a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu, a kuma rubuta, don kada magada su yi saɓani a kai.

Yankin ba baƙo ba ne ga aikin itatuwa. Shirin raya yankin Arewa maso Gabas mai fama da fari, NEAZDP, wanda ya fara aiki a 1990 da tallafin Tarayyar Turai, yana da mazauni a kusa da Gashuwa. A garin ne kuma ake da reshen binciken ƙaro na Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Yobe na cikin jihohi 11 da Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa ke aiki a cikinsu. Waɗannan wurare ne da manomi zai iya neman shawara a kan gwajin ƙasa da ruwa, wanda kuɗinsa bai kai na dashe ɗari da za a rasa ba.

Ga mai shirin kafa lambu a baɗi, aikin yana farawa ne tun daga bazarar bana: ya auna zurfin ruwan rijiyarsa a watan Afrilu, ya ɗanɗana shi, sannan a watan Satumba ya koma ya ga inda ambaliya ta tsaya. Abin da ya gani a waɗannan ziyarori biyu shi ne zai gaya masa ko filin na lemo ne, na mangwaro, na gwaiba ko na dabino, da kuma yawan itatuwan da zai iya riƙewa.